Daga Bakin Rumfa: Mu Zaga Ankara a Kan Keke

 

Wannan makon ba maganar farashi zan yi ba, ba kuma ta kwastan ba. Tambaya zan fara da ita, kowa ya amsa wa kansa. Shekara nawa ka yi a garin da kake neman abinci? Me ka sani game da shi, ban da hanyar gida zuwa rumfa, rumfa zuwa masallaci, masallaci zuwa tasha? A nan Ankara, babban birnin Gana, na san masu shekara 20, masu 30, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, amma ba su taɓa tsayawa a bakin teku a Jamestown ba. Ka tambayi yaron Nima wa ya kafa Nima, sai ya ce maka ai shi haka ya tashi ya gan ta.

Wani zai ce, to sai me? Mu 'yan kasuwa ne, ba masu yawon buɗe ido ba. Gaskiya ne. Amma ku dubi 'ya'yanmu. Ranar da wani ya ce wa yaro baƙo a makaranta, ko aka tsare shi da tambayar asalin ubansa a wani ofis, yaron da bai san komai ba abu biyu yake yi: ko ya sunkuyar da kai, ko ya dunƙule hannu. Wanda ya san cewa zangon farko na garin nan ya haura shekara 140 da kafuwa, ya kuma san wa ya ba da filin, amsa zai bayar cikin natsuwa ya wuce abinsa. Wannan sanin ba a ajin makaranta ake samunsa ba. Sai an kai yaro ya gani da idonsa.

Ni abin da na samu ya fi dacewa da wannan aikin shi ne keke. A cikin turoturo kana matse ne tsakanin buhu da kwando, ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka. A ƙafa kuma, kafin ka je rabin hanya yara sun fara ƙorafi. Keke yana tafiya daidai da ido. Ka ga abu ka taka birki, ka jingine shi a bango, ka yi tambaya. Ankara kuma gari ne shimfiɗaɗɗe, ba shi da hawan da zai gagari mai furfura irina. Lokacinsa shi ne ranar Lahadi bayan sallar asuba: manyan kasuwanni a rufe, maƙwabtanmu na shirin coci, titin da ke ɗaukar awa guda ranar Litinin sai ka tarar da shi fayau. Zagayen da zan zayyana muku bai kai kilomita 30 ba, zuwa da komowa. Ni da yarana mun sha yin sa.

A fara daga gida, wato Nima. Kafin kowa ya ɗora ƙafa a feda, a gaya wa yara cewa a farkon shekarun 1930 wurin nan daji ne a bayan gari. Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, shi ya nemi fili a hannun mutanen Osu, aka ba shi, ya zauna, jama'a suka biyo. Yau ga Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Kotokoli, Mosawa, Wangarawa, Dagwamba, kowa da yarensa a gida, amma a kasuwar Laraba Hausa ce ke raba gardama. Daga nan a gangara Kanda, a tsaya gaban babban masallacin ƙasa. Mutanen Turkiyya suka gina shi, aka buɗe shi a watan Yulin 2021, da siffa irin ta manyan masallatan Santambul. Ƙaramin ɗana ya taɓa tambayata a wurin, "Baba, su ma babban birninsu Ankara ne, mu ma Ankara, wa ya kwaikwayi wani?" Na ce masa babu. Namu daga bakin Tonawa muka ji shi, su suna kiran garin Nkran, harshenmu ya lanƙwasa shi ya koma Ankara. Masu garin kuwa, Ga suke kiran kansu, haka kuma suke kiran garinsu.

In aka tsallaka babban titin da ya kewaye tsakiyar gari, sai a shiga Ridge. Nan za ku ji iska ta canza: manyan itatuwa, faffaɗan tsakar gida, shiru. Unguwar ma'aikatan Turawa ce a zamanin mulkinsu, suka ware kansu nesa da baƙar fata. Ba sai an yi wa yaro dogon bayani ba. Ya fito daga lungun Nima minti 15 da suka wuce, idonsa zai gaya masa sauran.

Daga Ridge a miƙe kudu har sai ƙamshin gishiri ya bugi hanci. An iso Dandalin Baƙin Tauraro ke nan, inda aka sha yin faretin ranar 'yancin kai. Ga babbar ƙofar nan mai baƙin tauraro a kanta, an rubuta 1957 a jikinta. A gefe ga filin ƙwallo, inda mutum sama da 120 suka rasu a turmutsutsu ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko. Da yawansu yaran zango ne. A tsaya a yi musu fatiha.

Amma abin da nake so 'yan kasuwa su sani game da wannan mararrabar, a 1948 ya faru. A watan Janairun shekarar, wani basaraken Ga, Nii Kwabena Bonne, ya kira jama'a su ƙaurace wa kayan manyan kamfanonin Turawa, saboda sun haɗa baki suna tsawwala farashi. Sunan ƙungiyar kamfanonin a taƙaice AWAM, kuma har gobe in ɗan Gana ya ce abu awam ne, yana nufin an yi cuwa-cuwa a ciki. Wata guda ana wannan ƙauracewa. Ranar 28 ga Fabrairu, tsofaffin sojojin da suka yi wa Ingila yaƙin duniya na biyu suka taho a jere za su kai kukansu ga gwamna, kan haƙƙinsu da ba a biya ba. A wannan wuri 'yan sanda suka tare su, Baturen da ke jagorantarsu ya buɗe wuta, mutum 3 suka faɗi: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da soja Odartey Lamptey. Gari ya hargitse, aka farfasa kantuna, aka kama shugabanni 6 waɗanda hotunansu ke jikin takardar sidi da muke lissafi da ita kullum. Shekara 9 bayan haka Gana ta samu 'yanci. Ka ga ke nan maganar farashin atamfa da sukari tana cikin abin da ya tayar da mulkin mallaka a ƙasar nan. Kuma rundunar da waɗannan tsofaffin sojoji suka fito daga cikinta, takenta da Hausa yake: Kullum Shiri.

Daga dandalin, in ka dubi gabas, za ka hango farin gini a kan dutse a bakin ruwa. Fadar Osu ke nan, wadda mutanen Danmak suka gina a shekarun 1660, suka sayar wa Ingila a 1850, ta zama mazaunin gwamna, daga baya ta shugaban ƙasa, har 2013. Labarinta da yara suka fi so shi ne na Asameni, wani ɗan kasuwa daga Akwamu. A 1693 ya zo da mutanensa a matsayin masu sayen bindiga. Al'adar ciniki ce mai saye ya gwada kaya, su kuwa sun ɓoye harsashi a jikinsu. Da aka miƙa musu bindigogi sai suka ɗura, suka ƙwace fadar. Ya zauna a ciki yana ciniki da jiragen da ke zuwa kusan shekara guda, sannan ya sayar wa masu ita da abinsu a kan zinariya. Makullan dai bai mayar ba, suna hannun sarautar Akwamu har yau. In na ba da labarin nan a rumfa, dariya ake yi a ce, to, a riƙa duba aljihun mai gwada kaya.

Yanzu a juya yamma, teku na hannun hagu. Titin sunan ranar nan ta 28 ga Fabrairu yake ɗauke da shi. Tafiya kaɗan sai makwancin Kwame Nkrumah. Da can filin wasan dawakin Turawa ne, kuma a nan ya tsaya a daren 6 ga Maris 1957, sanye da riga 'yar arewa, ya shelanta 'yanci. Sojoji suka kifar da shi a 1966 yana kan tafiya, ya rasu a ƙasar waje a 1972, sai a 1992 aka kawo shi nan. A ciki akwai mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulki, an ajiye gangar jiki da kan a gefe guda. Na kan ce wa yara su dube shi da kyau. Hannun da ya yi tafi shi ya ɗauki guduma, shi kuma ya dawo ya gina hubbare. Duniya ke nan. Ana biyan kuɗin shiga, a tafi da canji.

Daga nan titi ya wuce ta gaban kotun ƙoli da tsohuwar hedikwatar babban bankin ƙasa, ya shiga tsohon gari. Nan ne zuciyar tafiyar, kada a yi sauri. Da farko za a tarar da sansanin Ussher, wanda mutanen Holan suka gina a 1649. Gaba kaɗan sai na James, ginin Ingila na 1673. Ka haɗa da fadar Osu, ƙasashen Turai 3 ke nan suka kafa shago a bakin gaɓa guda, tazarar da keke ke cinyewa cikin minti 20. Me suke saye? Zinariya da mutane. A waɗannan ɗakunan ake tara bayi kafin jirgi ya zo. Daga baya aka mai da su kurkuku. A na James aka tsare Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen 1951, aka buɗe masa ƙofa ya fito ya kafa gwamnati.

Tsakanin sansanonin biyu akwai wani lungu da ake kira Brazil Lane, da wani gida mai suna Brazil House. A 1835 bayi musulmi suka yi bore a Bahiya ta ƙasar Birazil, inda Yarbawa da Hausawa ke da yawa cikin waɗanda aka kai. Bayan an murƙushe boren, wasu da suka 'yantu suka tsallako teku suka dawo. Ayari guda ya sauka a nan a 1836, sarakunan Ga suka karɓe su suka ba su wuri. Ana kiransu Tabom, daga wata kalmar gaisuwa ta harshen Fotugal da aka ji suna yawan faɗi. Sun zo da sana'ar ɗinki da haƙar rijiya, da yawansu kuma da sallarsu suka zo. Yau sun zama Ga, harshe da suna. Shahararren ɗan damben nan Azumah Nelson jininsu ne.

A ƙarasa gindin hasumiyar nan mai ja da fari, wadda fitilarta ke yi wa jiragen ruwa jagora. Ta farko an gina ta a 1871, wannan ta yanzu a shekarun 1930. A jingine kekuna a leƙa ƙasa: kwalekwale ɗaruruwa masu fenti da tutoci, masunta na gyaran koma, mata na banda, hayaƙi na tashi. Ankara ba ta da tashar jirgin ruwa mai zurfi. Kafin a buɗe ta Tema a 1962, manyan jirage can nesa suke tsayawa, majiya ƙarfi su tuƙa ƙananan jirage su ratsa igiyar ruwa su kai kaya su ɗauko kaya. Ta wannan gaɓar goron kakanninmu ya riƙa bi. A da, sai ayarin jakuna ya yi watanni daga Gwanja zuwa Kano. Da hanyar ruwa ta buɗe, sai a kawo huhun goro nan, a ɗora a jirgi zuwa Ikko, daga 1911 kuma jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano. Duk mai rumfa a garin nan, ya sani ko bai sani ba, a kan sawun waɗannan mutanen yake tafiya.

Mutanen Jamestown ba su son a zo ana ɗaga musu waya ba sallama, kuma suna da gaskiya. Ka gaishe su da harshensu, ka ce ojekoo, wato barka da asuba, sai ka ga fuska ta saki. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta taɓa amsa mini da Hausa tas, ta ce, "Alhaji, ina kwana, ya iyali?" Na ce, "Iya, ina kika samo Hausa haka?" Ta ce ai shekara nawa tana sayen albasa a hannun mutanenmu. Su sun koyi namu. Mu nawa ne muka iya gaisuwa da nasu?

Daga bakin ruwa a shiga cikin gari ta lungu. Nan Bukom take, unguwar 'yan dambe, inda za ka ga yaro ɗan shekara 10 yana dukan buhu da sassafe. Kusa da nan akwai kasuwa mai suna Salaga. Duk Bahaushe ya ji sunan nan ya san ba na bakin teku ba ne. Salaga gari ne can arewa a ƙasar Gwanja, babbar kasuwar goro, inda fataken Kano da Katsina ke sauke kanwa da tufafi da fatu. Amma ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba, har da bayi, kuma ba Turawa ne ke cinikin a can ba. Wannan ma a gaya wa yara. Cikin waɗanda aka ɗaure a sansanin da muka baro akwai masu jin Hausa, cikin masu saye da sayarwa a arewa ma akwai masu jin Hausa. In za mu yi alfahari da goro, kada mu ɓoye ɗaya kashin. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 shi ya watsa 'yan kasuwarta, wasu suka nufi Karaci, wasu Kumasi, wasu suka gangaro har nan.

Sun tarar da 'yan'uwa a gabansu. A yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya kawo dakarun da ake kira Hausawa daga Ikko, ko da yake ba duka ne Hausawa ba, duk wanda ya fito daga arewa yana jin harshen haka ake kiransa. Bayan yaƙi da yawa suka zauna. A 1877 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Cape Coast aka kawo Ankara, gari ya fara cika. Wani malami Bakatsine, Malam Idrisu Naino, ya nemi fili a hannun sarakunan Ga, wajen 1881 aka ba shi, ya kafa Zangon Malam. Wurin shi ne Zongo Lane na yau, tafiyar minti kaɗan arewa da kasuwar Salaga, inda masu kayan lantarki suka cika. Ba za ka ga allo ko alama ba. Sai dai ka tsai da keke ka ce wa yaro, nan ne mafarin.

Daga nan komai kusa yake. Ga Makola, babbar kasuwar da aka gina a 1924. A watan Agustan 1979 sojoji suka rushe tsohuwar Makola, a kan zargin 'yan kasuwa na ɓoye kaya suna jawo tsada, aka yi wa mata bulala a bainar jama'a. Filin shi ake kira Rawlings Park yanzu. In gari ya yi zafi, mai rumfa ake fara nunawa da yatsa, wannan darasin bai tsufa ba. Ga Cow Lane, inda aka haifi limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, a 1919, wanda ya shiga cocin Katolika a bikin Ista na 2019 ya zauna da maƙwabta, duniya ta yi ta magana. Ga Tudu, sunan ma ya isa shaida. Gaba kaɗan Adabraka, wadda ake cewa daga albarkar da masu sayarwa ke faɗi sunan ya samo asali. In yaro ya fara lura, sai ya riƙa tsinto su da kansa: Fadama, Kawukudi, Zango. Haka abinci. Wace ɗin da duk ɗan Gana ke layi a kai da safe, ai wake ne. Kose ƙosai ne, tuwon zafi bai ma canza suna ba, kokon da ake sayarwa a kowace kwana kuwa kokon Hausa suke ce masa. 'Yan matan da ke dako a Makola ana kiransu kayayo: kaya namu ne, yo kuma mace ke nan da harshen Ga. Kalma guda, rabi namu rabi nasu.

Zangon ƙarshe yana yamma. A bi titin Graphic a tsallaka rafin Odaw. Za ku ji shi kafin ku gan shi. Ku nuna wa yara ledojin da suka toshe shi, ku tuna musu daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum sama da 150 suka halaka. Wani kashi na ledar nan daga rumfunanmu ta fito. A hannun hagu Agbogbloshie ce, inda 'yan'uwanmu masu albasa suka yi shekaru kafin a tashe su a 2021 a mai da su Adjen Kotoku can bayan gari. A wuce kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai da babban masallacinta, sai Sabon Zango. Malam Bako, ɗan Malam Naino, shi ya kafa shi wajen 1910, bayan tsohon zango ya cushe, saɓanin shugabanci kuma ya shiga tsakanin manyan musulmi. Shi ma a hannun sarakunan Ga ya karɓi filin. Zuriyarsa ke sarautar wurin har yau. Nan za a sauka a karya kumallo, don a lokacin ciki ya fara kira.

A bakin mai koko nake gaya wa yarana labari na ƙarshe, wanda ba shi da gini ko hasumiya. A watan Nuwambar 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Mutane dubbai suka fita, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, ba su san kowa ba a inda aka ce su koma. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. A 1983 Najeriya ta yi irin nata, ta kori 'yan Gana, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna. Tsofaffin zango da suka ga 1969 ba sa son maganar, amma suna nan, a je a gaishe su a tambaye su tun suna raye.

Abin da nake ɗauka daga wannan zagayen kashi biyu ne, kuma ba a raba su. Na farko, mu ba baƙin jiya ba ne. Harshenmu na cikin sunayen unguwanni, cikin tukunya, cikin taken soja. Na biyu, kowane zango da muka tsaya a kai, nema aka yi aka bayar. Malam Naino ya nema, Malam Bako ya nema, Malam Futa ya nema. Garin yana da masu shi. In lokacin da suke hana kiɗa da hayaniya ya zo gabanin bikinsu na Homowo, mu rage lasifika ba tare da an aiko ba. Yaron da aka ba kashi na farko kaɗai zai tashi da girman kai, wanda aka ba na biyu kaɗai zai tashi da tsoro. Sannan tarihi ba ya maye gurbin takarda. Wanda ɗan ƙasa ne ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, wanda zama yake yi ya sabunta izininsa a kan lokaci.

Saura 'yan shawarwari ga mai niyya. A kai keke wurin mai gyara ranar Asabar, a duba birki da taya, a tafi da famfo da kayan faci, don masu faci ba sa fitowa da wuri ranar Lahadi. A sa wa yara hular kwano. A yi jeri ɗaya, babba a gaba babba a baya. Abin tsoro biyu ne: direban turoturo da ke yanko gefen titi ba sigina in ya hango fasinja, da buɗaɗɗun kwatoci. A kiyayi ɗaukar hoto kusa da gidajen gwamnati da wuraren sojoji. A bar watannin Mayu da Yuni saboda ruwa. A yi ƙoƙarin juyowa kafin ƙarfe 10, kafin rana ta take, masu coci kuma su cika titi. An dawo gida a goge sarƙa a sa mata mai, iskar teku tsatsa take kawowa. Wanda ba shi da keke ya ara, ko ya karɓi na haya a unguwa. Kuma don Allah kada a ce tafiyar ta maza ce. 'Yata da hijabinta take tuƙa nata, tana ɗaure bakin zane kada ya shiga sarƙa, kuma ita ta fi 'yan'uwanta riƙe shekaru da sunaye. Gobe ita za ta gaya wa nata 'ya'yan.

Na san da yawanku ba a Ankara kuke ba. Na Lome da Kwatano kuna da unguwar Zango, na Abijan kuna da Treichville da Adjamé, na Duwala kuna da New Bell. Kowannensu akwai wanda ya fara sauka, akwai wanda ya ba shi wuri. Ku nemi dattijon unguwa ku kai masa goro, ku tambaye shi, sannan ku ɗauki yara ku bi sawun abin da ya gaya muku. Wanda ya yi, ya aiko mana da labari, za mu ba shi fili a nan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar bashi tsakanin 'yan'uwa a kasuwa, wadda da yawanku kuka nemi a taɓa. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya, ya shirya mana zuriya.